Shekarar da Babanku Ya Ajiye Usur

Na san abin da kuka tashi kuna ji game da babanku a lungunan unguwar nan ta Ard al-Liwa. Na daɗe ina shiru, ina cewa lokaci zai gyara, sai na ga lokaci bai gyara komai ba, daskarar da maganar ma ya yi. Yanzu matakalar gidan nan ba na hawanta sai na huta a hanya, ga hawan jini ya zauna mini daram. Shi ya sa na ce bari in faɗa muku abin da idona ya gani da abin da ya gaya mini da bakinsa, tun ina iya faɗa. Abba, kai kana da wayo a lokacin, kana gab da gama sakandare, amma rabin labarin ka sani. Hafsatu tana firamare. Sadiƙu kuwa yana goye a bayana, ko fuskar mutumin ba ya tunawa sai a hoto.

Daga Yauri muka zo, kun sani. Karatun addini ne ya kawo babanku Alƙahira, ni kuma na biyo shi bayan ya samu ɗaki. Gidansu gidan masunta ne tun kaka da kakanni, shi kaɗai aka cire daga kwalekwale aka ba littafi. Da tallafin karatun ya yanke bai kai ga kammalawa ba, sai muka tsaya tsakiya, ba karatu, ba hanyar komawa da mutunci. Ni ina dafa tuwo da miyar kuka ina kai wa ɗalibai 'yan gida har unguwar Abbasiya, shi kuma yana buga-buga. Abin da ya fi damunsa iƙama, takardar zama a ƙasar, don idan ba ta, ko burodi ka fita saye sai kana waiwaye. Maƙwabcinmu na hawa na ƙasa, Ammu Usman, wato Baffa Usman, mijin Hajja Zainaba, shi ya zo da maganar aikin. Su Hausawan Sudan ne, kakanninsu sun taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can, Hausarsu rabi Larabci ce amma zuciyarsu ta gida ce. Ammu Usman yana tuƙa motar sanyi, yana kai daskararren kifi wani wurin shaƙatawa a bayan gari, wajen sahara, inda ake nuna wasan dabbobin teku. Ya ce suna neman mai ɗaukar bokiti da wanke tafki, kuma kamfanin zai tsaya masa a kan iƙama. Ranar da aka buga masa hatimi a fasfo, babanku ya shigo da kankana a kafaɗa yana dariya kamar yaro.

Dabbar da ake wasan da ita sunanta dulfin. Mutane suna ce mata kifi, amma ba kifi ba ce. Iska take shaƙa ta wata ƙofa a tsakar kanta, ciki take ɗauka ta haihu, ta shayar da nono. Babanku ya ce 'yar'uwar ayu ce, wannan da ke cikin koginmu na Kwara, sai dai ita ta ruwan gishiri ce kuma ta fi shi wayo nesa. Biyu ne a tafkin, namiji da mace. A gaban 'yan kallo ana kiran macen Amira, shi kuwa Baƙuwa yake ce mata, wai don daga ƙarshen duniya aka ɗauko ta kuma ba wanda ya tambaye ta. Baturen da ke horar da su ya lura cewa tana biyo babanku duk inda ya zaga da tsintsiyarsa, sai ya fara koya masa aikin. Da Baturen ya tashi barin ƙasar, ya cire usur daga wuyansa ya rataya wa babanku. Wannan usur shi ne komai a wurin. In aka busa, dabbar ta san ta yi daidai, ta zo bakin tafki ta karɓi kifi.

Sau ɗaya ya kai mu muka gani. Abba, na san kana tunawa, don kai ka fi kowa ihu. Kujeru hawa-hawa cike da iyalai, lasifika tana kiɗa har ƙirjin mutum yana girgiza, ruwa shuɗi kamar an zuba masa shuni. Babanku ya fito cikin baƙar riga mai manne wa jiki, ya ɗaga hannu, sai ga halitta ta tashi sama ta ratsa zoben ƙarfe ta faɗo, ruwa ya fantsamo mana har fuska. Bakinta a buɗe kullum kamar tana murmushi. Ni kaina na tafa, na yi alfahari da mijina. A cikin motar haya da muke dawowa na ce masa ai wannan dabba ta fi mu jin daɗi, ga ruwa, ga abinci, ga tafi. Ya dube ni ya kau da kai. Sai washegari da safe, muna karyawa da wake da burodi, ya ajiye kofin shayinsa.

"Rabi, kin san abin da ya sa take tsalle?"

Na ce, "Ba ka koya mata ba, Malam?"

"Yunwa ce. Ba a ba ta abinci sai a bakin wasa. In ta ƙoshi ba za ta yi ba. Murmushin nan kuma da kika gani, haka Allah ya halicci bakinta. Ko tana mutuwa haka za ki gan shi."

Daga nan ya ba ni labarin da Baturen ya ba shi. A can wani teku na gabas mai nisa, masunta suna fita da jirage su jera, su riƙa dukan ƙarfe a cikin ruwa. Dulfin da kunne take gani, ƙarar sai ta ruɗa su, su yi ta gudu dangi guda, uwaye da 'ya'ya, har a koro su cikin wani lungun ruwa a toshe da taru. Sai dillalai su shiga su zaɓi matasa masu kyan fata marasa tabo. Sauran a yanka su a nan, ruwan ya koma ja. Baƙuwa tana cikin waɗanda aka zaɓa. Ya ce duk lokacin da aka kunna lasifika yana ganin yadda take nutsewa can ƙasa ta lafe a kusurwa, sai ya tuna ƙarar ƙarfen nan. Na ce masa to ai mu ma a gida ana kashe ayu. Ya ce ya sani, da idonsa ya ga baffansa ya soki wata da mashi, ɗanta yana ta zagaya kwalekwalen har suka kai gaɓa. Ya ce tun ranar bai ƙara cin naman ayu ba, amma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba don kada a yi masa dariya a gidan masunta.

A shekarar da nake ba ku labari, namijin ya mutu da farkon zafi. Fatarsa ta yi ta saɓulewa saboda maganin da ake zuba wa ruwan, mai wari kamar na wanke banɗaki, ga rana ba rumfa. Aka fitar da shi da sassafe kafin a buɗe ƙofa, aka ce wa masu tambaya ya tafi hutu. Ashe ya bar Baƙuwa da ciki. Mudir, wato shugaban wurin, ya yi murna ƙwarai, ya sa aka buga hoton jaririn dulfin a allunan talla tun kafin a haife shi. Ana sauran 'yan kwanaki babbar sallah ta haihu. Babanku ya dawo gida ranar fuskarsa tana haske.

"Rabi, da kin ga yadda ta turo shi sama da hancinta ya shaƙi iskar farko! Wallahi kamar ungozoma. Yana manne da gefenta, duk inda ta juya ya juya."

Sai dai tafkin ƙarami ne, kuma jariri bai san bango ba. A teku uwa takan miƙe da ɗanta su yi ta tafiya yana tsotso. A nan kuwa kafin ya kama nono sun iso siminti, sai ta juya, ya saki. Ta yi ta sa jikinta tsakaninsa da bangon har gefenta ya ɗaye. Likitar dabbobin wurin, wata matashiya 'yar ƙasar da kowa ke kira Daktora, ta roƙi a kashe kiɗa a dakatar da wasa. Mudir ya ce a makon sallah ba mai rufe kasuwa. Aka bar jama'a suna shiga kallon jariri, yara suna buga ƙarfen shinge suna kiransa. Ranar sallah da hantsi ya daina motsi.

Ba ta yarda ya mutu ba. Ta ɗora shi a kan hancinta tana turo shi sama don ya yi numfashi. Ya zame ya nutse, ta bi shi ta ɗauko. Haka ta wuni, haka ta kwana, haka gari ya sake wayewa. Ba ta zo bakin tafki ba, ba ta kalli kifi ba. Daktora ta ce a teku ma haka suke yi, uwa takan ɗauki gawar ɗanta kwana da kwanaki, in ta gaji da kanta za ta sake shi, a bar ta ta gama makokinta. Amma ga layin 'yan kallo har titi. Mudir ya kira babanku gaban ma'aikata.

"Ya Habu, yalla, yi maza ka busa mata. Kai kaɗai take ji. In ta zo karɓar kifi, yara za su ja gawar da koma ta baya. Minti biyar an gama."

Babanku ya ce, "Ranka ya daɗe, usur ɗin nan alkawari ne tsakanina da ita. Duk sanda na busa, alheri take samu. Ba zan kira ta da shi a sace mata ɗa ba. A ƙara mata kwana biyu."

"Kifi ne fa, ya shehi. Kifi!"

Ya cire usur ɗin daga wuyansa ya ajiye a kan bokiti. Ba su fasa ba. Suka buɗe magudana suka rage ruwan har ya dawo iya ƙugu, ƙarti suka shiga da taru suka matse ta a kusurwa, suka fizge gawar. Babanku yana tsaye yana kallo. Ya ce ta yi wani kuka siriri kamar an taka kyanwa, ba ta daina ba har aka cika tafkin. Da ruwa ya dawo sai ta ja da baya ta taho da gudu ta daki bango da kanta, ta koma ta sake. Ranar ya shigo gida da la'asar, naman sallah yana kan faranti, ya wuce ɗaki ya juya fuska bango.

Ba su kore shi a lokacin ba, don ba mai iya ta sai shi. Ta daina ci gaba ɗaya. Sai aka koma ɗura. Kowace safiya a rage ruwa, a danne ta, a buɗe bakinta da tawul, a zura mata tiyo har ciki a tura niƙaƙƙen kifi. Babanku ne ke riƙe kanta, don in hannunsa ne ba ta fizga sosai. Ya ce idonta yana kansa har a gama. Da yamma kuma a fito da ita gaban jama'a, ko tsalle ɗaya ta yi a tafa, a ɗauki hoto da ita. Sauran lokaci tana shawagi a wuri guda kamar gungume, fuskarta a bango. Ya rame, ya daina barcin kirki, hannuwansa duk sun tsattsage. Wata rana ya tare Daktora ya ce mata me zai hana a kai ta Bahar Maliya a sake ta, ai tafiyar yini guda ce a mota. Ya maimaita mini amsarta kalma da kalma.

"Ammu Habu, ba tekunta ba ne, ba danginta a can. Haƙoranta sun cinye wajen gugar siminti, ta manta yadda ake kamun kifi mai rai. Kuma na can ɗin ma ka san halin da suke ciki? Da rana suke barci a wuraren da ruwa ya lafa, sai jiragen 'yan yawon buɗe ido su kewaye su, mutane su yi ta faɗawa kansu don hoto. Wasu farfela ta yanke su, wasu su haɗiyi leda, wasu su maƙale a taru su shaƙe. Ba inda za mu kai ta. Abin da ya rage kawai kada a kawo wasu."

Ita ce ta gaya masa akwai wata 'yar jarida da ke bincike a kan irin waɗannan wurare. Daktora ta ba ta bayani a ɓoye, amma 'yar jaridar ta ce sai da shaidar wanda zai fito da fuskarsa da sunansa, in ba haka ba za a ce ƙage ne. 'Yan ƙasar da ke aiki a wurin duk sun ƙi. Kuma an ji Mudir yana waya yana cinikin wasu sababbi daga wancan tekun na gabas.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya tara mu a falo. Ammu Usman da Hajja Zainaba suka hauro, don labari ya kai musu. Abba, kana tsaye a bakin ƙofa da littafi a hannu. Babanku ya faɗi niyyarsa ta fitowa ya ba 'yar jaridar shaida, a hankali, yana kallon tabarma. Ammu Usman ne ya fara magana.

"Malam Habu, ni na kai ka wurin nan, ka ji tawa. Mu baƙi ne. Baƙo ba ya gyara gidan mai gida. 'Yan ƙasa sun yi shiru, kai da takardarka ke hannun mutumin za ka buɗe baki? In ba ka iya aikin, ka yi haƙuri har ka samu wani, ka fita salin-alin. Halas, magana ta ƙare."

Hajja Zainaba ta ce, "Ɗan'uwa, dubi yaran nan. Mutane ma suna nutsewa a teku kullum ba mai tambaya, balle dabba."

Ya ce, "Hajja, gaskiya kika faɗa. Amma mutanen da ke nutsewa ba ni ke riƙe kansu ba. Wannan kuwa da hannuna nake danne ta kowace safiya. In na fita shiru, wani zai karɓi tiyon, a kawo wasu, a kashe danginsu a can saboda a cika tafkin nan. Ranar gobe ƙiyama in aka tambaye ni me na gani, me zan ce? In ce ina tsoron hatimi?"

Ni ban goyi bayansa ba, kada ku zaci na goya. Na yi kuka, na ce masa ya tuna yadda muka sha kafin takardar nan, ya tuna jarrabawarka, Abba, ya tuna Sadiƙu ko yaye bai yi ba. Na ce Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Ya ce shi ma abin da yake faɗa ke nan, ransa ya kasa. Sai kai ka yi magana daga bakin ƙofa.

"Baba, mu da kifi wa ka zaɓa?"

Ya ɗago ya dube ka. Ya ce, "Abba, ba zaɓi nake yi ba. Ina so in iya kallon idonku ne." Ka jefar da littafin ka sauka ƙasa. Iyakar abin da aka faɗa ke nan a ɗakin. Maganar da ta zagaya unguwa daga baya, wai ya ce dabbar ta fi masa 'ya'yansa, ƙarya ce, ina zaune a wurin.

Ya je ya yi magana. Labarin ya fito da hotonsa, aka yi surutu a waya na ɗan lokaci, wasu suna yabo, wasu suna cewa wane ne wannan baƙin da zai zo ya koya mana tausayi. Aka turo masu dubawa, aka ba su shayi, suka ga ruwa shuɗi da dabba mai murmushi, suka tafi. Aka sallami Daktora. Babanku kuwa ko ƙofa ba a bar shi ya shiga ba, aka miƙo masa takalmansa a leda ta saman shinge. Ya roƙi mai gadi ya bar shi ya leƙa ta sau ɗaya, mai gadin ya ce ma'alish, sai haƙuri, umarni ne. Kamfanin ya janye hannunsa daga iƙamar. Kafin sanyi ya shigo, takardar ta mutu. Ya zauna a gida kamar mai takaba, yana taya ni tuƙa tuwo, ba ya wuce masallacin lungu. Ranar da ƙafata ta kumbura ya ce bari ya kai wa ɗalibai abincin da kansa. A tashar motoci, wajen mararrabar jirgin ƙasa, aka tare su ana duba takardu. Kulolin abincin wani yaro mai tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, ne ya dawo mini da su, tuwon ko hucewa bai yi ba.

Ya yi makonni a tsare. Na yi ta zarya da Sadiƙu a baya, daga wannan ofis zuwa wancan, 'yan gida suka haɗa kuɗin jirgi. Sau ɗaya aka bar ni na gan shi, ta bayan waya, gemunsa ya yi fari fat. Na ce masa za mu tattara mu biyo shi. Ya ce a'a, ni ina da takardar zama a kan karatun yara, in tsaya har ku gama, kada wahalar ta tashi a banza. Ko filin jirgi ba a bar mu mun raka shi ba. Abin da ya biyo baya kun fi ni sani. Abba, ka ajiye makaranta ana gobe-gobe jarrabawa, ka shiga ɗaukar kaya a shagon wani a unguwar Hayyin Ashir don haya ta fi ƙarfin tukunyata. Abokanka suka wuce jami'a kana sauke buhuna. Ban taɓa cewa ba ka da dalilin fushi ba, kuma yau ma ba zan ce ba. Kai ka biya mafi tsada a cikinmu.

Duk wayar da ya bugo daga Yauri, in ya gama tambayar ku ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce ko na ji wani labari daga wurin wasan. Ammu Usman ya daina kai musu kifi, ba wanda zan tambaya. Da na gaji da cewa ban sani ba, sai na shirya wata rana na hau mota biyu na je, na sayi tikiti kamar kowa na zauna a kujerar baya. Aka kunna kiɗa, mai lasifika ya ce a tafa wa Amira. Sai ga wata 'yar ƙarama mai santsin fata ta yi sama, ba tabo ko ɗaya a gefenta, wasu biyu suna biye da ita. Na san ba ita ba ce. Da aka tashi na samu wata tsohuwa mai shara na tambaye ta ina ta da. Ta waiwaya hagu da dama, ta ce tun watan da aka kori baƙin mutumin nan ta mutu. Da safe aka same ta a ƙasan tafki. Ta ce ma'aikata suna cewa irinsu da niyya suke numfashi, ba kamar mu ba, kuma ita dai ta nutse ne ba ta ƙara tasowa ba. Allah ne masani.

Na gaya masa gaskiya, ban rage komai ba, har da sababbin uku.  Ya ce, "Uku." Na ce uku. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Bai ƙara tambayata wurin ba har ya bar duniya.

A gida ma bai samu abin da zai riƙe ba. Ya tarar ƙannensa suna kamun kifi da gidan sauro, suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, wasu suna zuba maganin ƙwari a ruwa su tsince abin da ya taso. Ya tambayi ayu, samari suka ce sai dai a labari, in ma an ga ɗaya kafin la'asar an raba namansa. Ya yi musu magana suka ce Malam ya dawo daga Masar da ciwon kai. Ya koma koyar da yara karatu a zaure, ciwon suga ya kama shi, ga ba mai kula da cimarsa. Kullum ina cewa baɗi za mu je, baɗi ta zo wani abu ya taso. Kun tambaye ni ko ya yi nadama. Ban sani ba. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Rabi, ban ceci kowa ba, na sani. Ita ta mutu, ku kun wahala. Amma in aka mayar da ni bakin tafkin nan, ban ga yadda zan yi in busa ba." Ni ma har yau ban san ko daidai ya yi ba. Wani lokaci ina jin haushinsa kamar ranar Juma'ar nan, wani lokaci in ga duk Ard al-Liwa ba namiji kamarsa. Wurin kuwa yana nan, an ma faɗaɗa shi, an ƙara kujeru.

Abba, shekarun nan duka ba ka karɓi wayarsa ba. In ya bugo kana gida, sai ka ɗauki takalmi ka fita. Ban rubuta wannan don in ɗora maka nauyi ba, akwai dai abin da ya kamata ka sani. Wayarsa ta ƙarshe da rana ce, ana sauran 'yan kwanaki ya rasu, muryarsa ta yi ƙasa sosai. Muna cikin magana ka shigo daga aiki ba ka san da wa nake waya ba, ka tsaya a falo kana faɗa da Hafsatu a kan makullin da ta ɓatar. Ya ce wane ne wannan. Na ce kai ne.

"Muryarsa ta buɗe," in ji shi. "Ta zama ta manya."

Na ce bari in kira ka, ko Allah zai sa yau ka karɓa.

"A'a, kada ki kira shi, zai fita. Bar shi ya yi ta faɗan. Ki dai matsar da wayar kusa."

Na tsaya a bayan labule na miƙa hannuna waje da wayar. Kana ta masifa, makulli kaza, sakaci kaza, kullum sai an ɓatar da abu a gidan nan. Hannuna ya gaji, na tallafe shi da ɗayan. Haka ya saurare ka har ka gama ka shiga wanka. Da na mayar da wayar kunnena, na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, yana tari.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Na ji ɗana."